Gidan Eliab Dunklee Ƙarami

Abin da ya fi ƙona wa Lorna Pettengill rai shi ne ba daga bakin ƙaninta ta ji labarin ba. A kantin gari ta tsince shi, tana tsaye da kwalin madara a hannu, mai kanti yana gaya wa wata mata cewa 'yan kwana-kwana sun samu gidan da za su ƙona a kakar bana. Lorna ta tambayi wane gida. Ya ce tsohon gidan Dunklee mana, na kan hanyar tudu, har yana mamakin a ce ita ba ta sani ba. Madarar da ba ta saya ba ke nan. Ta dire kwalin a kan buhunan abincin karnuka ta fice.

'Yan kwana-kwanan garin Kimball Hollow 'yan sa kai ne, manoma da makanikai da direban motar makaranta, kuma ba su da wani filin horo sai abin da Allah ya kawo. Duk wanda tsohon gida ya ishe shi sai ya ba su. Su cinna wuta a ɗaki, su kashe, su sake cinnawa a wani, sababbin shiga su koyi rarrafe a cikin hayaƙi, can in rana ta yi a janye a bar gidan ya ci ya cinye. Jama'a kan zo kallo da kujerunsu na ninkewa. Shugaban 'yan kwana-kwanan kuwa ba kowa ba ne illa Wendell, ƙanin Lorna, wanda ita ta koya masa ɗaure igiyar takalmi.

Ta same shi a bayan ofishinsu yana wanke jar motar kashe gobara. Ko waiwayowa bai yi ba, ya san takunta.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," ta ce. "Ashe gidan Eliab Dunklee za ka ƙona."

"Ba ni na ce a ƙona ba, Malama. Mai gida ne ya bayar."

In yana son tsokanarta Malama yake ce mata, don ta daɗe tana koyarwa a firamaren garin kafin ta yi ritaya, kuma rabin mazan da ke kashe gobarar ta taɓa tsayar da su a lungun aji. In sulhu yake nema, a nan ne ake jin Yaya a bakinsa.

"Ran Lahadi a gidana ka ci abinci, har da ƙari. Bakin da ya iya taunawa bai iya gaya min ba?"

"Da na gaya miki ai da ban samu ƙarin ba."

"Wendell."

Ya kashe famfon, ya juyo. "Yaya, rufin ya lotsa, daɓen ya ruɓe, jemagu ne masu gidan yanzu. Ina da sababbin mutane da ba su taɓa shaƙar hayaƙin gaske ba. So kike ranar da za su fara shaƙa ta zama a gidan da akwai rai a ciki?"

Gaskiyar maganar ta ƙara mata haushi. Ta ce masa motar tasa ma ba ta fita ba, ga datti can a taya, ta juya ta tafi.

Eliab Dunklee shi ne abu guda da garin yake da shi wanda baƙo zai iya tasowa daga nesa ya zo nema. Mai zanen fuskokin mutane ne, irin waɗanda suke yawo gari-gari a jihar Vermont da akwatin fenti a farkon ƙarni na goma sha tara, tun ba a san kyamara ba. Zane-zanensa suna rataye a laburaren gari: wani limamin coci mai murtukakkiyar fuska, da matarsa, da mai injin niƙa, da wata yarinya rungume da kyanwa. Bawan Allah bai iya zana hannu ba, yatsun kowa sai ka ce sun kumbura. Amma ido kam, in ka shiga ɗakin sai ka ji ana bin ka da kallo har ka gyara tsayuwa. A bayan kowane allo ya rubuta sunansa da baƙin fenti, Eliab Dunklee Ƙarami. Lorna ita ce sakatariyar ƙungiyar tarihin gari, wato dai ita ce ƙungiyar, in aka cire 'yan tsirarun da kek ke kawowa taro. Aji bayan aji ta kai ɗalibai gaban gidan nan ta ce musu ga gidan mai zanenmu. Kowace bazara kuma tana kai furanni kabarinsa.

Wanda ya sayi wurin, Mista Brandt, daga jihar Connecticut ya zo, kuma filin yake so da kallon tsauni, ba gidan ba. Lorna ta je masa da shirin faɗa, sai ta tarar da mutum mai ladabi, wanda hakan ya lalata mata shiri. Ya ba ta kujera a tirelar da yake kwana a ciki, ya haɗa mata shayi, ya saurare ta har ta kai aya.

"Malama Pettengill," ya ce, "ni ba na gaba da tarihi. Kowa a garin nan ya ce min gidan mai zane ne. In na tambaya wa ya ce, sai su ce ke. To ki nuna min a rubuce cewa nasa ne. In nasa ne, zan gina nawa can sama, wannan in bar wa ƙungiyarku. In kuwa ba haka ba, na riga na yi wa ƙaninki alkawari, kuma yana so a gama kafin ƙanƙara ta sauko."

"A rubuce kawai?"

"A rubuce kawai."

Saura kaɗan ta yi masa dariya. Ta shanye shayinta ta ce ya ba ta 'yan kwanaki.

Kashegari tana ofishin magatakardar gari tun ba a ɗora kofi ba. Arlene Gove, magatakardar, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kuma ita kaɗai ce a garin da ba ta shakkar bakin Lorna. Ta buɗe mata ɗakin ƙarfen da ake ajiye kundayen filaye, ta ce in ta ji yunwa ta ƙwanƙwasa.

Aikin na baya-baya ne. Ka fara daga mai gidan yau, ka ga daga hannun wa ya saya, ka nemo wancan, ka ga shi ma daga wa, haka har ka ƙure. Lorna ta ɗauka abin yini guda ne. Ina. Wani ya sayar bai kawo an rubuta ba. Wata ta gada ta yi aure ta canja suna, ta sake aure ta sake canjawa. An taɓa matsar da iyakar gari, gonar ta faɗa cikin garin Dorrance na wasu shekaru, sai da Lorna ta tuƙa mota ta je can, ta tarar ofishinsu safiyar Talata kawai yake buɗewa. Kundi guda ruwa ya taɓa cinye masa gindi, shafukan sun manne kamar an dafa su. Ga kuma yadda mutanen da suke kwatanta iyaka: daga itacen da aka sassaƙe wa ɓawo a bakin rafi, zuwa tulin duwatsu, zuwa kusurwar makiyayar wane. Itacen ya zama toka tun zamanin kakannin kakanni, rafin ya canja hanya, duwatsu kuwa duk inda ka juya a Vermont tuli ne. Sau da yawa Arlene tana jiyo ta daga ciki tana tsaki tana faɗa da mutanen da ƙasa ta daɗe da cinyewa.

Ganyaye sun fara ja lokacin da ta kai ƙarshen zaren. Ga shi nan da tawada mai launin ƙasa: Eliab Dunklee Ƙarami ya sayi fili da gida da rumbu a kan hanyar tudu. Ta fito da kundin rungume a ƙirji, ta dire wa Arlene a kan tebur.

"Karanta ki gaya wa ƙanina ya je ya nemi kejin kaji ya ƙona."

Da ta tsaya a nan, da ta kai wa Mista Brandt a ranar, da magana ta ƙare. Amma Lorna ba ta iya yin abu rabi ba. Tun farko ta sa sanarwa a takardar coci cewa duk mai zanen Dunklee a gida ya kawo a gani, don ta haɗa shaida ta cika hannu. Ana cikin murnar nan sai ga wata tsohuwa daga Dorrance, Hulda Sprague, ta shigo ofishin da wani abu naɗe a bargo, tana haki, fuskarta fal fara'a.

"Na ji an ce kuna son ceton gidan," in ji Hulda. "Na ce ai ni ma ina da gudummawa. Kakar kakata ce."

Suka kwance bargon. Zanen wata mace ne da farar hula, idanu kamar za ta tambaye ka ina ka kwana, yatsu a kumbure. Lorna ta ji daɗi har cikin ranta. Ta juya allon. An rubuta Eliab Dunklee, ba Ƙarami, sai shekara a ƙasa.

Ta daɗe tana kallon shekarar. Ta san shekarar da ke kan dutsen kabarin da take kai wa furanni kamar yadda ta san ranar haihuwarta. Lokacin da aka yi wannan zanen, mutumin ya yi shekaru a cikin kabari.

"Lafiya?" in ji Arlene.

Lorna ta nuna mata da yatsa, ta faɗi shekarar kabarin.

"To ko kaɗaici ne ya dame shi ya taso ya ɗan taɓa aiki?"

"Arlene, don Allah."

Ta ari gilashin ƙara girma ta duba, ko lambar ce ta goge. Lambar ras take. Ta ce to na jabu ne, sai Hulda ta fara naɗe bargonta da fushi, dole Lorna ta ba ta haƙuri, don ita ma ta san ba jabu ba ne. Ba wanda zai iya ɓata hannun mutum haka sai shi.

Ta koma ɗakin ƙarfe, wannan karon ta sauko da kundayen taron gari, inda ake rubuta wanda aka zaɓa a kowane muƙami. A nan ta ga abin da ya shige mata duhu duk tsawon shekarun nan. Wata shekara an zaɓi Eliab Dunklee Ƙarami, mai gidan kan tudu, ya zama mai duba shingayen gonaki. A hunturun nan wani tsoho Eliab Dunklee, tsohon soja, ya rasu. Da shekara ta zagayo aka sake zaɓar mai duba shingen, mutum ɗaya, gida ɗaya, amma yanzu Eliab Dunklee ne kawai, Ƙaramin ya faɗi. Ta buɗe gaba kaɗan, sai ga wani Eliab Dunklee Ƙarami ya ɓullo, sabo fil.

Yau in an ce wane Ƙarami, ɗa ne da ya ɗauki sunan ubansa, kuma da sunan nan za a binne shi. Haka Lorna ta karanta, haka kowa a garin yake karantawa. Mutanen da ba haka suke nufi ba. In masu suna ɗaya biyu suna gari, wanda ya girma shi ne mai sunan, ɗayan shi ne Ƙarami, ko da ba uba da ɗa ba ne. Babban ya mutu, Ƙaramin ya hau gurbinsa, in akwai na baya ya karɓi Ƙarami. Wato Eliab uku ne. Wanda ya sayi gidan manomi ne mai duba shinge, kuma shi take kai wa furanni. Mai zanen shi ne na ukun, ya karɓi Ƙarami bayan manomin ya ajiye, ya ajiye shi ma bayan manomin ya mutu.

"Mutane da hankalinsu," ta ce wa Arlene. "Sunaye sun ƙare ne a duniya? A rasa abin da za a raɗa wa yaro sai Eliab, Eliab, Eliab?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne dalilin da ya sa sunan mai zanen ya shiga kundin. A wancan zamani in baƙo marar fili ya fara daɗewa a gari, dattawa sukan tura ɗan doka ya karanta masa gargaɗin ya bar garin, don kada gobe ya tsiyace ya zama nauyinsu. Yawanci ba wanda yake tafiya, an dai fita haƙƙi ne. Layi guda tak Kimball Hollow ta rubuta a kan mutumin da take alfahari da shi, kuma layin na kora ne. Lorna ta bi shafin sama da ƙasa tana neman a gidan wa aka same shi aka karanta masa. Ɗan dokar bai ga amfanin rubutawa ba.

Ba ta haƙura ba. Ta koma Dorrance, ta sa aka buɗe mata kundin baftisma na cocinsu, ta samu haihuwarsa: ɗan wani Dunklee ne, ɗan'uwan manomin na nesa. Ta bi kundayen filaye na duk garuruwan da ke kewaye. Ta bi takardun gado. Babu. Mutumin bai taɓa mallakar ko inda saniya za ta kwanta ba, bai bar wasiyya ba, ba a ma san inda kabarinsa yake ba. Kundayen nan da ta yi rayuwarta tana girmamawa na masu ƙasa ne, wanda ba shi da ƙasa ya wuce ta cikinsu ba ko sawu. Ganyaye suka zube. Da safe raɓa ta fara daskarewa a gilashin mota.

Arlene ce ta faɗi abin da Lorna take ta juyawa a zuci ba ta furta ba.

"Ke, ki kai masa takardar cinikin da hoton bayan allunan laburare. Suna ɗaya ne harafi da harafi. Hulda ta mayar da zanen kakarta gida ta rataye. Wa zai tona?"

"Magatakardar gari ce take gaya min haka?"

"Ƙawarki ce take gaya miki. Magatakarda ta tafi cin abinci."

Lorna ta ce Allah ya kiyaye. Amma da ta tashi zuwa wurin Mista Brandt, takardu biyun nan kawai ta sa a jaka.

Ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Ya dubi takardar cinikin, ya dubi hoton sa hannun, ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, kamar mutumin da aka sauke wa kaya.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Gaskiya na ji daɗi. Ban so a ce ni ne baƙon da ya zo ya ƙona musu tarihi ba. Zan kira ƙaninki yau." Ya miƙo mata hannu. "Wato dai mutum ɗaya ne, ko?"

Tambaya ce ta cika baki, ba amsa yake jira ba. Ko kai ta ɗaga ya isa. Lorna ta dubi hannun nasa, ta ji wuyanta ya sandare. Ta yi shekaru tana mayar wa yara aikinsu don sun rubuta abin da ba su tabbatar ba, kuma ga shi yau jikinta ya ƙi ba ta haɗin kai. Haushin kanta ya kama ta tun kafin ta buɗe baki.

"Ba mutum ɗaya ba ne," ta ce.

Ta zayyana masa komai, Eliab uku, da zanen Hulda, da layin kora. Ya janye hannunsa a hankali.

"Wato ba gidansa ba ne."

"Ban ce ba gidansa ba ne. Cewa na yi ban samu a rubuce ba. Ɗan'uwansa ne mai gidan. Baƙo marar wurin kwana, ina zai sauka in ba gidan dangi ba?"

"Zai yiwu," in ji Mista Brandt, da ladabin nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya fasa kofi. "Amma zai yiwu ba shi muka yi da ke ba."

Daga nan gidan Wendell ta wuce. Yana faskaren itace a bayan gida. Ba ta ce ranka ya daɗe ba, ba ta yi gatse ba, ta ce ya ɗaga mata ranar.

"Na riga na gayyato 'yan Dorrance da motarsu ta ruwa," ya ce. "An ba ni izini na wannan Asabar. In ƙanƙara ta sauko sai baɗi, mutumin kuma ba zai jira baɗi ba, katafila zai kawo. Gara a ƙona mutanena su ƙaru."

"Ɗan lokaci kawai nake roƙo."

"Ki nemi me, Yaya? Me ya rage da ba ki duba ba?"

Ta bi kowane kundi a zuci, kowane ofishi, kowace maƙabarta.

"Ban sani ba," ta ce.

"To kin gani."

Ta ce masa ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta je kallon ba, kuma ran Lahadi ya nemi inda zai ci abinci.

Ran Asabar da hantsi tana wurin. Ta tsaya can gefe jikin katangar duwatsu, hannuwa a aljihun kwat, nesa da teburin da matan coci suka jera kofi da donat. Rabin gari ya fito. Yara suna kan bayan motoci. Wasu da suka hango ta suka rage murya, wannan ma ya ba ta haushi.

Da ɗakunan ƙasa aka fara. A jibga ciyawa da katako a lungu, a cinna, hayaƙi ya turnuƙe, mutum uku su shiga da rarrafe suna jan mesa, a ji ƙarar ruwa, farin tururi ya fito ta taga, su fito suna tuɓe abin rufe fuska suna dariya. A sake. Lorna tana ganin yadda sababbin suke fitowa a daburce, ta san Wendell yana da gaskiya, kuma sanin bai rage mata komai ba.

Da suka gama da ƙasa suka hau sama, Wendell da kansa ya ja gaba. Aka cinna a babban ɗakin da ke fuskantar hanya. Hayaƙi ya fito, ruwa ya bi, tururi ya taso kamar ɗazu. Sai dai wannan karon ruwan bai tsaya ba. Ta ji muryar Wendell a rediyon wanda ke tsaye jikin mota, ba ta gane kalmomin ba, amma ta san muryar ƙaninta in wasa ya ƙare. Mutanen Dorrance suka ja mesa ta biyu da gudu. Aka jingina tsani. Masu shan kofi suka miƙe tsaye, wata mata ta fara tambaya ko wani ne ya faɗi.

Ba wanda ya faɗi. Kashe wutar suke yi da gaske, su da suka zo ƙona gida. Lorna ta ga baƙin hayaƙi ya fara tsatsowa ta ƙarƙashin rufin, daga wannan kusurwa har waccan, inda ba wanda ya cinna komai. Jim kaɗan motar ta saki ƙaho mai tsawo, alamar kowa ya fito. Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wendell ne na ƙarshe.

Bai tsaya wurin mutanensa ba. Ya tuɓe hular ƙarfen, ya taho kai tsaye wurinta, fuskarsa baƙi ƙirin da jirwayen gumi.

"Yaya," ya ce. "Akwai zane a bangon."

"Wane zane?"

"Takardar adon da aka liƙa wa bangon. Da tururi ya buge ta sai ta saki, ta zubo gaba ɗaya, falle kan falle. A ƙarƙashi zane ne a jikin shafen. Duk bangon huɗu, daga ƙasa har sama." Ya waiwaya ya dubi gidan. "Na sa a kashe. Allah ya sani na sa a kashe. Ta riga ta bi cikin bango ta hau rufi."

Lorna ta taka za ta nufi gidan, ya riƙe mata hannu, riƙon da ba ta san yana da ƙarfinsa ba. Ta san ɗakin. Ta shiga shi ba sau ɗaya ba, ta buɗe kabad ɗinsa, ta ɗaga katakon daɓensa tana neman tsofaffin takardu, ta jingina bayanta da bangon nan ta huta. Mutumin da ba shi da abin ba dangi ladan masauki, da me zai saka musu in ba da fentinsa ba? Ta yi kaka guda tana shaƙar ƙurar kundaye a garuruwan mutane, ko sau ɗaya ba ta sa farce ta kankare bangon ba.

Tagogin sama suka yi ja. Rufin ya lotsa a tsakiya, ya rufta ciki, tartsatsi ya tashi sama. Wasu yara suka fara tafi, iyayensu suka kwaɓe su.

"Ya sa hannu?" ta tambaya. "Akwai suna?"

"Ban duba ba."

"Wani ya ɗauki hoto?"

"A cikin wuta, Yaya?"

"Su waye suka gani?"

"Ni ne a gaba da fitila. Na bayana mesa suke riƙe, ba na jin sun ga komai."

Ta juyo ta fuskance shi sosai. Wendell, wanda in ya je biki ka tambaye shi yaya amarya sai ya ce tana nan. Duk duniya shi kaɗai ya ga bangon, kuma shi ma na ɗan lokacin da hayaƙi ya ɗaga. Ta kama gaban rigarsa mai zafi da hannu biyu.

"Rufe idonka. Fara daga ƙofa, ka juya hagu. Me ke nan?"

Ya rufe ido. "Itatuwa. Dogaye."

"Wane iri?"

"Itatuwa dai. Sai kogi, da wani abu kamar jirgin ruwa. Sai gidaje a kan tudu."

"Namu tudun? Akwai coci?"

"Ina jin akwai. Ko rumbu ne."

"Coci ko rumbu, Wendell?"

"Ban sani ba."

"Tudun wane launi?"

"Kore."

"Wane irin kore?"

Idonsa a rufe, ya matse fuska yana ƙoƙari da iyakar gaskiyarsa. A bayansa bangon gaba ya tafi a hankali ya faɗa cikin wutar. Da ya buɗe ido sun cika da ruwa, kuma ba na hayaƙi ba ne.

"Kore dai, Yaya," ya ce.